Layin Kyaftin Mai Uku

"Layi na masu koyo ne," in ji Kyaftin Mai Uku, yana murza man zafi a gwiwarsa ta hagu. "Ni ku ɗaure mini ido, ku juya ni sau bakwai, ku miƙa mini ƙwallo. Ƙafata da kanta za ta kai ni inda maki uku yake. Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki. Dokar wasan nan kuwa, ko wanda ya rubuta ta in ya manta ni zai tambaya."

A ɗakin canza kaya ya faɗi haka, ana saura kwana biyu a fara wasan kusa da na ƙarshe a gasar ƙwallon kwando ta unguwanni. Kowa yana fama da tasa gwiwar.

Bari in gabatar maka da su. A takarda sunan ƙungiyar Guguwa. A bakin jama'a kuwa 'Yan Man Zafi ne, saboda tun kafin motarsu ta tsaya hancinka ya san sun iso. Ƙaraminsu shekararsa arba'in da huɗu, kuma shi ake aika ɗauko ruwa. Akwai Dogo, tsohon direban babbar mota, wanda a da tsawonsa ya kai mita biyu, yanzu baya ya karɓi kasonsa. In Dogo ya yi tsalle, da ƙyar za ka zura jarida a ƙarƙashin takalminsa. Akwai Tela, ɗan guntun mutum mai raba ƙwallo, shi ne yake ɗinka musu riguna, kuma duk shekara yana ƙara faɗin cikin kowace riga ba tare da ya gaya wa mai ita ba. Ta haka aka zauna lafiya shekara ashirin.

Sai shi Kyaftin. Shi ne koci, shi ne kyaftin, shi ne mai riƙe da makullin ɗakin ƙwallaye. A bayan rigarsa Tela ya ɗinka masa MAI UKU da manyan baƙaƙe. In ba ka san wasan ba, ga yadda yake: akwai wani layi mai lanƙwasa a gaban kwando. Ka jefa daga cikinsa, maki biyu. Ka jefa daga bayansa, maki uku. A yi masa adalci, mutumin yana da hannu. Akwai wani wuri a filin gidansu, ɗan dama da tsakiya, inda takalminsa ya cinye katako har ya yi fari. In ya tsaya nan, ƙwallo ba ta da zaɓi.

Abu biyu ne ba ya rabuwa da su. Na farko littafin dokoki, wanda aka ba shi a wani kwas tun gashin kansa yana baƙi. Bangon ya rabu da jikinsa, an ɗaure su da roba, an saka a leda. Na biyu kuma ƙorafi. A filin gida duk jifarsa uku ce. Da sun je baƙunta, sai ya tsaya daidai inda ƙafarsa ta ce, ya jefa, ƙwallo ta shiga, alƙali ya ɗaga yatsa biyu.

"Alƙalan waje ɓarayi ne," haka yake cewa a hanyar dawowa. "Maki ɗaya-ɗaya suke sata, kamar ɓera a buhu."

Akwai abu na uku da ya kamata a ce ba ya rabuwa da shi, wato tabarau. Likitan ido ya rubuta masa shekara takwas da suka wuce. Yana nan a aljihun mota, sabo fil. Kyaftin ya ce tabarau na tsofaffi ne.

Wata rana Tela ya taɓa cewa, "Kyaftin, filayen mutanen nan kamar sun fi namu tsawo ta wajen layi."

"Tsufa ne ya kama ka, guntu. Komai sai ya yi maka nisa."

To, me ya sa wasan bana ya fi na kullum zafi? Saboda zaure. Zauren wasanni na unguwa shi ne gidan Guguwa, Asabar da safe, bakwai zuwa tara, tun ranar da aka buɗe shi. Amma bana mata masu motsa jiki sun kai arba'in, sun gaji da yin tsalle a farfajiyar ajiye motoci, sun rubuta wa hukumar zaure cewa su ma suna son Asabar ɗin. Shugabarsu kuwa matar Kyaftin ce. Manajan zauren ƙaninta ne. Ka ga mutum tsakanin yayarsa da mijin yayarsa.

"Yaya," in ji Manaja, "ku kai wasan ƙarshe, in samu abin da zan faɗa wa hukuma. In kun faɗi, ba ni da baki. Su arba'in ne, ku tara, biyu ma a benci suke barci."

"Ka je ka goge inda za a ajiye kofi," in ji Kyaftin.

Kada ka ɗauka awa biyu ƙaramin abu ne. Dogo tun da matarsa ta rasu, ranar Asabar ce kaɗai yake magana da wani mai amsawa. Shi kuwa Kyaftin, tun da ya yi ritaya, a gida shi ne mai zuwa cika tukunyar gas. A duk faɗin duniya, cikin wannan zaure kaɗai ake ce masa Kyaftin.

Wasa uku za a buga, wanda ya ci biyu ya wuce. Abokan karawarsu samarin kwalejin fasaha ne, waɗanda babbansu bai kai shekarun takalmin Dogo ba.

Wasan farko a filin kwaleji. Alƙaliyar wasa wata budurwa ce siririya, ba ta yawan magana, usur a wuya. A saman kowane kwando an kafa agogo mai jan lamba. A wasannin baya babu irin wannan agogo, alƙali ne yake ƙirga a ransa, kuma babu alƙalin da yake da zuciyar gaggauta dattawa. Guguwa suka ɗauki ƙwallo suka fara salonsu: Tela ya ba Dogo, Dogo ya huta, ya mayar wa Tela, Tela ya duba lafiyar kowa. Sai ƙaho ya yi ƙara, usur ya biyo baya.

"Me aka yi?" in ji Kyaftin.

"Sakan ashirin da huɗu sun cika, Baba. Ba ku jefa ba."

"Talatin ne, 'yar nan."

"Ashirin da huɗu ne."

"Ina shidan? Wa kika ba?"

Ta rubuta masa laifin rashin ɗa'a. Ya tafi benci ya dawo da leda, ya fara kwance roba a tsakiyar fili, yana lasar yatsa yana neman shafi. Ta rubuta masa na biyu, ta nuna masa ƙofa. Minti shida da fara wasa Kyaftin yana zaune a mota shi da tabaransa. Aka ci Guguwa da tazarar maki talatin da ɗaya, ɗaya ga kowace shekara ta gwanintarsa.

"Kun gani dai da idonku," ya ce musu a hanya. "Yanzu har sakan suke sata."

"Jikata ta ce a talabijin ma ashirin da huɗu ne," in ji Tela.

"Na talabijin daban. Suna sauri ne don a saka talla."

Wasa na biyu a gida. Nan babu agogo mai jan lamba, alƙalin kuma wani dattijo ne da yake son a gama ya tafi. Ranar Kyaftin ya yi abin da har abokan gaba suka tafa masa. Sau biyar ya taka farin wurin nan, sau biyar raga ta yi motsi, sau biyar alƙali ya ɗaga yatsa uku. Dogo ya yi amfani da gwiwar hannu a kan haƙarƙarin yara cikin natsuwa da sanin ya kamata. Guguwa ta ci da maki biyu.

Kyaftin ya shiga gida yana ɗingishi yana waƙa.

"Ki gaya wa mutanenki su sayi lema," ya ce wa matarsa. "Farfajiya ta zama taku har abada."

"Allah ya sa, maigida," ta ce, ba ta ɗago daga guga ba. "Gas ya ƙare."

Wasa na uku, an koma kwaleji, kuma budurwar nan ce dai da usur. Wannan karon Kyaftin ya zo da shiri. Ya umarci Dogo da cewa duk lokacin da ya ga bakinsa zai buɗe, ya taka masa ƙafa. Ya kuma je ya gaida alƙaliya kafin a fara.

"'Yar nan, kamar na san mahaifinki. Ba dogo ba ne, mai fara'a?"

"Gajere ne, Baba. Ka saka rigarka cikin wando."

Abin mamaki, suka yi wasa. Yaran kwaleji sun shigo da raini, dattawa sun shigo da tsoron farfajiya. Dogo ya taka ƙafar Kyaftin sau tara, har yatsa ya kumbura, amma ba a kore shi ba. Yara biyu suka manne masa duk inda ya nufa, bai samu ya jefa daga nesa ko sau ɗaya ba. Haka aka tafi ana ja, har saura sakan biyar, kwaleji tana gaba da maki biyu, ƙwallo a hannun Guguwa.

Kyaftin ya tara su. "Ku ba ni kawai. Uku ɗaya, mun wuce da maki ɗaya. Dogo, ka tsaya a gaban yaron can kamar motar da ta lalace."

Dogo ya tsaya, wannan aikin ya iya shi. Tela ya miƙa. Kyaftin ya ɗaga kai ya hango kwando dishi-dishi, ƙafarsa ta yi lissafinta na shekara talatin da ɗaya, ta tsaya ɗan dama da tsakiya. Ya jefa. Ƙaho ya yi ƙara ƙwallo tana sama. Ta shiga, ko ƙarfen ba ta taɓa ba.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Kyaftin ya tuɓe riga ya wurga wa 'yan kallo, babu wanda ya cafe, ta faɗa bayan kujeru. Ya ruga zai zame a kan gwiwa kamar yadda samari suke yi, wani abu ya ce ƙas a cinyarsa, ya kwanta rigingine yana ɗaga hannu. Dogo ya zauna a ƙasa ya cire takalma da bandejin gwiwa biyu, ya shanye gorar ruwa guda. Na benci suka farka suna rungumar juna. Tela ne kaɗai ya dubi alƙaliya. Yatsa biyu ta ɗaga.

Ta zo ta tsaya a kan Kyaftin. "Baba, maki biyu ne. Ƙafafunka duka suna cikin layi. An yi kunnen doki, akwai ƙarin minti biyar. Ka nemo rigarka."

Ka taɓa ganin an ce wa wanda ya sauke kaya a ƙofar gida ya mayar da su tasha? Dogo ya kwashe minti uku yana neman hanyar miƙewa. Kyaftin aka ɗauke shi zuwa benci mutum huɗu, yana ta kiran ɓarauniya. A ƙarin lokacin nan kwaleji ta ci maki goma sha huɗu, Guguwa ta ci tausayi.

Amma tausayin ya yi rana. Washegari Manaja ya same su a zaure suna zaune jugum.

"Shugaban hukuma yana cikin 'yan kallo jiya," ya ce. "Ya ce dattawan da suka kai yaran kwaleji ƙarin lokaci ba za a kore su ba. Ku riƙe Asabar ɗinku. Mata za a ba su Lahadi. Yayata ma ta yarda."

Dogo ya juya fuska bango yana gyara hanci. Tela ya ce, "Alhamdulillahi."

"Sadaka ke nan?" in ji Kyaftin. "Ni na ci wasa, a ba ni sadaka? Na riga na kai ƙara. Shafi huɗu."

"Yaya, ka janye."

"Kyaftin, an ba mu zaure," in ji Dogo. "Me kuma muke nema?"

"Makina ɗaya. Sun matsar da layi, na ji a ƙafata. Guntu, ranar Laraba ka zo da tef ɗinka."

Ranar Laraba da hantsi kwamitin gasa mai mutum uku ya hallara a filin kwaleji. Ga alƙaliya, ga Manaja da aka kira a matsayin mai masaukin Guguwa, ga Kyaftin da sanda a hannu ɗaya, leda a ɗaya. Shugaban kwamiti ya ce za a aika a kawo ma'auni.

"Ba na yarda da ma'aunin kwaleji," in ji Kyaftin. "Na zo da nawa."

Tela ya zare tef daga wuya. Tef ɗin tela mita ɗaya da rabi ne, don haka sai da ya durƙusa daga ƙarƙashin kwando yana aunawa yana saka alama da allin ɗinki, yana ja da gwiwa, kamar mai auna wa ƙato wando. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Da rabi.

"Mita shida da santimita saba'in da biyar," in ji Tela.

Kyaftin ya yi wata irin dariya ta wanda ya daɗe yana jira. Ya kwance roba, ya buɗe shafi ba tare da nema ba, ya miƙa wa shugaba. "Karanta da kanka, ranka ya daɗe. Shida da ashirin da biyar. Rabin mita suka ƙara. Shekara goma sha wani abu ina faɗa ana ce mini mai ƙorafi."

Shugaba ya karanta. Ya juya littafin, bangon ya faɗo. Alƙaliya ta ɗauka, ta duba shekarar da aka buga, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, littafin nan ya girme ni da shekara huɗu. An matsar da layin tun ina firamare. Ko'ina haka yake."

Ta nuna wa kwamiti dokar yanzu a wayarta. Nan ne ya kamata mutum ya tuna yana da uzuri a gida. Tela ya ja masa hannun riga. Dogo ya ɗaga ƙafa zai taka, sai dai yatsan Kyaftin yana cikin bandeji, ya ji tausayi. Wannan tausayin shi ya kashe su.

"Ko'ina?" in ji Kyaftin. "Ƙarya ne. Filinmu shida da ashirin da biyar ne cif. Ni nake shafa masa fenti da hannuna duk shekara, a kan tsohon layi, ban taɓa kaucewa ko da faɗin farce ba. Sau biyu ma'aikata suka zo wai za su sake shatawa, na kore su. Ga Manaja nan, ku tambaye shi."

Manaja ya dubi rufin zaure kamar yana ƙirga fitilu.

Shugaba ya rufe fayil a hankali. "Nan da zauren naku minti nawa ne a mota?"

A zauren gida Tela ya sake durƙusawa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, da ɗan abin da bai kai tsawon takalmi ba. Shugaba ya sa aka auna inda layin ya kamata ya kasance, Tela ya ja alli. Kowa ya dubi farin wurin nan da takalmin Kyaftin ya cinye. Yana zaune lafiya lau a cikin sabon layi, da sauran fili a bayansa.

Alƙaliya ta yi tambaya ɗaya. "A wasa na biyu, sau nawa ya jefa daga nan?"

"Biyar," in ji Kyaftin da kansa, don ko a wannan hali bai iya barin wani ya rage masa ba.

"Kuma da maki biyu kuka ci."

Lissafin ba wuya: a cire maki biyar, Guguwa ce ta faɗi da uku. Kwamiti ya yi watsi da ƙara, ya soke nasarar wasa na biyu, ya rubuta cewa ba a ma kamata a buga na uku ba, ya kuma hana zauren karɓar wasan gasa har sai an gyara. Hukumar zaure ta kira Manaja ta wanke shi tas, ta kuma ba mata Asabar ɗin. Da ya fito, sai ya miƙa wa mijin yayarsa hannu. Kyaftin ya ɗauka gaisawa za su yi.

"Makulli, Yaya."

A mota Dogo ya yi magana sau ɗaya. "Da na taka."

Asabar da ta biyo baya, ƙarfe bakwai saura, Kyaftin ya kawo matarsa zaure, don ta ce tabarmar motsa jikinta tana da nauyi. Ta shiga ita da mata talatin da tara. Kiɗa ya tashi. Ta taga ana hango sabon layi, fari tas, mata suna tsalle a kansa ba su ma san da shi ba. A farfajiyar ajiye motoci kuwa Dogo ya jingina da wata bishiya, sauran suna zaune a kan bulo, sun zo ne kawai don ƙafa ta saba.

Tela ya ƙwanƙwasa gilashin mota, ya miƙo wani ƙunshi.

"Rigarka. Mai shara ya tsinto a bayan kujerun kwaleji. Na wanke, na ɗan gyara."

Kyaftin ya warware ta, ya ɗaga, ya matso da ita, ya nisanta. "Me ka yi wa bayan? Ba na gani sosai."

"Buɗe aljihun mota."

A karo na farko cikin shekara takwas, Kyaftin ya saka tabarau. Baƙaƙen suka fito tar, ɗinki mai kyau, zare biyu: MAI BIYU.

"Awo ne ya nuna haka," in ji Tela, yana mayar da tef wuya. "Na ƙara a ciki, na rage a baya."